Feda da robar hannu na keken hawan duwatsu: wane iri ya kamata in saya?

Sabon_Mahayi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masana nake nema. Kekena ɗan Kwatano ne, bodin alminiyam, shoka a gaba kawai, giya 27, faranti uku a gaba tara a baya, abin canja giyar kuma na dannawa da yatsa ne. Ina hawansa a hanyoyin duwatsu na wajen Jos, ta ɓangaren Shere, har da damina.

Fedar da ke kai ta roba ce. Ta dama ta tsage, kuma da an ɗan yi yayyafi ƙafa sai zamewa. Ta hagun tana yin "tak" duk zagaye ɗaya idan na taka da ƙarfi. Robar hannun ita ma ta narke, tana manne wa tafi kamar ƙaro, tana kuma juyawa a jikin ƙarfen. Sannan idan na yi awa guda a kai, ƙaramin yatsana da na kusa da shi sai su mutu, musamman na hagu.

Takalmina lamba 44, nauyina kilo 78. Shin kowace feda za ta shiga kekena? In sayi mai faɗi ko mai kama takalmi? Robar hannu kuma wace iri ce za ta hana mutuwar yatsun nan? Allah ya saka da alheri.

Mai_Sifana ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da abin da ke lalata kaya, zaɓin iri sai daga baya.

Tiredin feda kala biyu ne a kasuwa. Akwai inci 9/16, akwai rabin inci. Keke irin naka, wanda kurankinsa (sandar da ake ɗaura feda a jikinta) na dama da na hagu kowanne daban ake ɗaura shi, 9/16 yake ci. Rabin inci na kekunan da kurankinsu ƙarfe ɗaya ne lanƙwasasshe da ya ratsa gindin keken, irin na yara da wasu masu araha. In kana shakka, cire tsohuwar ka auna kaurin wajen tiredin: 9/16 ya ɗan haura mm 14, rabin inci mm 12.7 ne. Mafi sauƙi ma ka tafi da tsohuwar shago a aljihu.

Abu na biyu, kuma a nan aka fi yin ɓarna: fedar hagu tiredinta a juye yake. Ta dama tana ɗauruwa yadda hannun agogo ke tafiya, kamar kowane noti. Ta hagu akasin haka. Ba don wahalar da mutane aka yi ba. Lokacin da kake takawa, aksil ɗin, wato ƙarfen tsakiyar feda mai tiredi, yana ɗan birgima a cikin raminsa, kuma da an yi wa na hagu tiredi irin na dama, wannan birgimar za ta riƙa kwance shi. Duba ƙarshen aksil, za ka ga R a ta dama, L a ta hagu. A wasu kayan Faransa D da G za ka gani, G ita ce hagu. In rubutun ya goge, tsayar da fedar aksil na kallon sama: layukan tiredin da suka hau ta dama na dama ne, waɗanda suka hau ta hagu na hagu ne.

Wajen cirewa, fara mayar da sarƙa kan babban faranti, don in sifana ta kufce kada haƙoran su yanke maka hannu. Juya kuranki ya kalli tayar gaba, sa sifana lamba 15 yadda mariƙinta zai kalli tayar baya, sai ka danna ƙasa. Wannan dokar ɗaya ce ga ɓangarorin biyu, ba sai ka tsaya lissafin agogo ba. Sifanar feda siririya ce mai tsawo, domin wajen da ake kamawa ƙunci gare shi, sifanar mota sau da yawa ba ta shiga. Wasu feda ba su da wajen sifana sam, sai alanki mm 6 ko mm 8 ta bayan kuranki. Duba wannan kafin ka biya kuɗi, kada ka kai gida ka rasa abin ɗaurawa.

In ta ƙi fita, ƙarfe da alminiyam ne suka ci juna saboda an ɗaura ta ba giris. Fesa man sassauta tsatsa ta gaba da ta baya, bar shi ya kwana. Kashegari ka zuba tafasasshen ruwa a kan kurankin, alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa idan ya ji zafi, sannan ka ƙara wa sifana tsawo da bututu. Guduma ba ta cikin aikin.

Wajen ɗaurawa, goge ramin da tsumma, shafa giris a tiredin, ka fara da yatsunka kawai. Ya kamata ta yi zagaye uku ko huɗu ba gardama. Da ka ji ta cije tun a zagayen farko, tsaya, fito da ita. Ko dai ka ɗauko ta ɗaya ɓangaren, ko ta shiga a karkace. Aksil ƙarfe ne, kuranki alminiyam, to in aka yi faɗa kurankin ne ke shan kashi. In fedar ta zo da 'yar wosha siririya, sa ta. Ƙarfin ɗaurewa wajen Nm 35 zuwa 40 ne, wato kamar ka ɗora nauyin kilo 15 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 25. Ɗauri ne sosai, amma ba na hawa kan sifana da ƙafa ba.

Maganar "tak" ɗin nan kuma, kada ka yanke cewa feda ce. Abu huɗu ke yin wannan ƙarar: busasshen tiredin feda, boris ɗin cikin fedar, notin da ya riƙe kurankin hagu, ko boris ɗin gindin keke. Kama fedar ka girgiza ta gefe da gefe. In ita kaɗai ke rawa a kan aksil, boris ɗinta ne. In duk kurankin ke motsi, gwada notinsa, yawanci alanki mm 8 ne ko soket lamba 14. Kurankin hagu mai rami murabba'i in aka hau shi a sake, ramin yana buɗewa, daga nan ko ka ɗaure shi kullum zai sake kwancewa. In kuma na dama da na hagu tare suke rawa, to matsalar a gindin keke take, sabuwar feda ba za ta yi maganinta ba.

Ɗan_Tudu ya rubuta:

Oga Mai_Sifana ya gama maganar ɗauri. Ni kan zaɓi zan tsaya, kuma ra'ayina a fili yake: sayi mai faɗi mai ƙusoshi.

Duwatsun Jos manya ne masu kaushi, hanya tana iya juyewa ta zama tsani a cikin taku biyar. Wanda bai gama sanin hanyar ba yana buƙatar ya sauke ƙafa nan take. Kuma zamewar da kake fama da ita ba wai don ƙafarka ba a ɗaure take ba ne. Fedar da ta zo da keken haƙoranta na roba ne da aka zubo tare da jikinta, sun cinye, shi ke nan.

Girma shi ne na farko. Ga takalmi 44, nemi wadda faɗinta da tsawonta suka kai mm 105 zuwa 115. Kamfanin Crankbrothers suna yin fedarsu mai suna Stamp girma biyu, ƙarama ga takalmi 37 zuwa 43, babba ga 43 zuwa 49, to kai babbar ce taka. Ko ba ita za ka saya ba, wannan ma'aunin ya isa ya zama jagora. Ƙaramar feda tana sa tafin ƙafa ya lanƙwashe ta gefe, bayan awa guda sai ka ji yana zafi. Wadda ta yi girma da yawa kuma tana yawan karo da dutse a matsatsin hanya.

Kauri na biye. Tsakanin mm 14 da 18 ya yi. Siririya tana nesanta ka da dutse, tana kuma hana fedar mirginawa ƙarƙashin ƙafa. Amma masu sirantaka sosai boris ɗinsu ƙanana ne, ba sa jure ƙura da laka. Ka kuma tuna, in ka sauka daga mai kaurin mm 25 zuwa mai mm 15, ƙafarka ta sauka da mm 5, sai ka sauke sirdi daidai haka. Mutane suna mantawa, sai bayan gwiwa ya fara ciwo su ɗora wa fedar laifi.

Ƙusoshi su zama na ƙarfe, takwas zuwa goma a kowace fuska, kuma waɗanda ake canjawa. Juya fedar ka duba. Mafi kyau su ne waɗanda ake ɗaurawa ta baya, kan sukurun yana ɓoye a ƙasa, tsinin ya fito ta sama. In dutse ya goge tsinin, kan yana nan lafiya, alanki zai fito da shi. Waɗanda ake ɗaurawa ta sama, ramin alankin a kan tsinin yake, da ya daku sai filaya ko haƙuri. Tsayin mm 4 zuwa 5 ya wadatar. In ka ɗora tsinke a kan fedar daga gaba zuwa baya ka ga tsakiyar ta ɗan faɗa ciki, wannan alheri ne, takalmi yana zama a cikinta.

Alminiyam ko nailan? A kan dutse na fi son nailan mai kyau, irin Race Face Chester ko ta OneUp, nauyinsu wajen giram 360 duka biyun. Nailan yana zamewa a jikin dutse, alminiyam kuwa yakan cije ya tsayar da kai. Aksil da ƙusoshin duk ƙarfe ne, jikin kawai ne nailan, kada ka haɗa ta da ta robar da ke kekenka yanzu. Aksil ya zama na ƙarfen da ake rubuta wa CrMo. Na titaniyam tsada ne kawai, kuma yawancinsu suna da iyakar nauyin mahayi.

Jabu sun yi yawa, musamman a intanet, sunan iri ɗaya, kala iri ɗaya. In kayan na hannunka, juya aksil da yatsu. Mai kyau yana juyawa sumul da ɗan nauyin giris, ba ya rawa ko kaɗan. Wanda ka kaɗa ya yi ta wulwulawa kamar fanka, ba giris a cikinsa, kada wannan ya burge ka.

Takalmi rabin aikin ne. Ƙasansa ya zama shimfiɗaɗɗe, roba mai ɗan laushi, ba mai manyan gaɓoɓi irin na hawan dutse da ƙafa ba, domin ƙusoshin sai su faɗa tsakanin gaɓoɓin su rasa abin kamawa. Sa aksil ya kasance ɗan bayan tudun babban yatsa, kuma a gangara ka sauke diddige. Doguwar safa mai kauri ma ka tanada, ƙusoshin nan ba sa jin tausayin ƙwauri.

Mai_Dogon_Zango ya rubuta:

Ban ƙi ta Ɗan_Tudu ba, amma kada a kashe maganar mai kama takalmi haka kawai. Ga mai doguwar tafiya da hawan tudu, tana riƙe ƙafa a wuri ɗaya, ba ta bari ta yi tsalle a kan burji, kuma takalminta mai tauri ne, tafin ƙafa ba ya gajiya. Kamfanin Shimano sun fito da nasu tsarin kama takalmi mai suna SPD tun 1990, har yau shi ne aka fi samun kayansa. Fedarsu M520 mai fuska biyu tana da sauƙin kuɗi kuma tana daɗewa.

Sai dai ka yi lissafi da kyau, ba feda kaɗai za ka saya ba, har da takalmi. Ga kuma tarkon da ke cikin kayan gwanjo: takalmin keken tsere na kwalta ramuka uku gare shi a ƙasa, na SPD biyu ne a jere cikin kwarmi. Mai uku ba zai yi maka ba, ba a ma iya tafiya da shi a kan dutse.

Ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙasan takalmin kala biyu ne. SH51 baƙi ne, yana sakinka ne kawai idan ka murɗa diddige waje. SH56 mai ruwan azurfa, da harafin M a jikinsa, yana saki ta fuskoki da yawa, shi ya dace da mai koyo. Shafa giris a sukurorin biyu, alanki mm 4, ƙarfi Nm 5 zuwa 6. In sukuru ɗaya ya faɗi a hanya, ƙarfen zai riƙa juyawa tare da takalmin, ƙafa ba za ta fita ba sai ka cire takalmin. Don haka a sake ɗaure su bayan hawa biyun farko. A jikin fedar akwai sukurun sifirin mai alamar + da −, mayar da shi can wajen − a duka fuskokin, wato wurare huɗu ke nan, ba biyu ba.

Jar laka ta damina tana toshe SPD. A nan Eggbeater ta Crankbrothers ta fi, tana da buɗaɗɗen jiki kuma ana shiga ta fuska huɗu, amma ƙarfen takalminta na tagulla ne, yana saurin cinyewa, samun wani kuma sai an yi oda. In ka tambaye ni tsari, fara da mai faɗi ka koyi hanya, bayan wata shida ka sake tunani. Masu fuska ɗaya faɗi ɗaya kamu kuwa, a kan dutse kullum fuskar da ba ka so ce ke sama.

Malamar_Gyara ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. An bar robar hannu, kuma ita ce ta shafi lafiyarsa.

Malam, wajen shiga ba ka da damuwa. Kan keken hawan duwatsu, inda ake riƙewa, mm 22.2 ne a kusan dukkansu. Lambobin 25.4 da 31.8 da 35 da za ka gani ana rubutawa na tsakiyar kan ne, inda wuyan keke ya kama shi, ba ruwan roba da su. Tsawon da aka saba mm 130 zuwa 135 ne. Tunda abin canja giyarka na dannawa ne, cikakken tsawo za ka saya. Gajerun nan na wajen mm 90 na masu canja giya ta murɗa hannu ne. Ka guji mai babban kunne ta ciki, yakan tokare madannin giya.

Kauri shi ne abin aunawa. Ana samun daga mm 29 zuwa 34. Kama ta a shago kamar kana kan keke: kan yatsan tsakiya ya kusa taɓa tafin hannu. In yatsun sun nutse cikin tafi, ta yi siriri, za ka riƙa matsewa da ƙarfi, damtse ya gaji. In akwai babbar tazara, ta yi kauri, kuma yatsan birki zai wahala. Mai takalmi 44 galibi hannunsa 31 ko 32 yake so, amma hannu za a auna, ba ƙafa ba.

Iri biyu ne manya. Akwai mai zoben ƙarfe da ake ɗaurewa da sukuru, a kwali za ka ga an rubuta lock-on, ODI da Ergon da wasu da yawa suna yi. Ba ta juyawa ko cikin ruwan sama, minti biyu an sa, an cire. Aibinta a ciki yake. Roba mai kaurin mm 30 a kan ƙarfe mai 22.2, namanta bai kai mm 4 ba, kuma a cikin wannan ɗan naman akwai bututun filastik mai tauri da zoben ke kamawa. Abin da ya rage na laushi kaɗan ne. Sai kuma ta silikon mai kama da soso, wadda ake zurawa kawai, irin ESI, Racer's Edge mm 30, Chunky mm 32, Extra Chunky mm 34. Duk namanta laushi ne, ta fi shanye girgiza, kuma rana ba ta narkar da silikon ya koma ƙaro kamar yadda ta yi wa taka. Amma faɗuwa ɗaya a kan dutse tana iya yage bakinta. Ga Shere da damina ni mai zobe ɗaya ta ciki zan ce, mm 32, roba mai laushi. Mai zobe biyu, na wajen yakan danne gefen tafi daidai inda kake kuka da shi.

Cire tsohuwar: yanka ta a tsaye da reza, a hankali kada ka karce alminiyam, sai ka wanke danƙon da sifirit na kemis har ƙarfen ya bushe ƙayau. Mai zobe, tura ta har ƙarshe, ka buga bakinta da tafi sai ka ji ta zauna, domin cikinta a tsuke yake ta waje, in ba ta kai ƙarshe ba za ta riƙa murɗewa. Wasu akwai ta dama da ta hagu, duba. Sukurun ƙarami ne, alanki mm 2.5 ko 3, ƙarfinsa a rubuce yake a zoben, yawanci Nm 2 zuwa 3. Ƙaramin gefen alankin za ka riƙe, in ka kama dogon za ka kashe kan sukurun. Ta silikon kuwa, fara toshe bakin ƙarfen, jiƙa ciki da waje da sifirit, zura da sauri, ka bar ta ta kwana. Kada a sa sabulu, ruwan sama na taɓa shi zai dawo da santsinsa. Kada a sa mai ko fetur, ɗaya ba ya bushewa, ɗaya yana cin roba. In kana son cire ta ba yanka, bututun iskar mai faci a ƙarƙashin bakinta zai fito da ita.

Marfin bakin ƙarfe ba ado ba ne. Buɗaɗɗen bakin bututu in mutum ya faɗa kansa yana huda ciki ko cinya. Kada ka hau sai da shi.

Yanzu mutuwar yatsu. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi jijiya ɗaya ke kula da su, tana bi ta gefen tafin hannu na waje, kusa da wuyan hannu. Nauyi ne ke danne ta, kuma roba ita kaɗai ba kasafai take zama sanadi ba. Kafin ka kashe kuɗi duba waɗannan. Hannun birki: zauna a sirdi, miƙa manuni a kansa, ya kamata damtse da bayan hannu da yatsa su kusa zama layi ɗaya. In ya yi sama da yawa wuyan hannu zai lanƙwashe baya, in ya yi ƙasa da yawa nauyinka zai zubo gaba. Fara daga digiri 30 zuwa 40 ƙasa da miƙe. Matsar da shi ciki kamar santimita 2 daga robar, yadda manuni kaɗai zai kama lanƙwasar ƙarshensa, sauran yatsu su riƙe kai. Sirdi: in hancinsa ya duƙa, kana zamewa gaba, hannu ne ke tare ka duk tafiyar. Daidaita shi ya kwanta miƙe. Iskar taya: masu faci suna cika ta ta yi tauri kamar dutse. Ga kilo 78 da taya mai faɗin inci 2.2 mai tiyub, wajen psi 28 zuwa 32 a ma'aunin iska ya isa, ta gaba ta ɗan gaza ta baya. Sai shoka, danna ta ka gani ko tana motsi ma, na kekunan gwanjo da yawa sun daskare.

In duk an gyara kuma bai daina ba, sai a koma mai fiffike irin Ergon GP1, wadda ke baza nauyi a faɗin tafi, ko da yake a gangara mai tsanani tana rage kamu. In kuwa yatsun suna kwana a mace bayan ka sauka, ko ka ga ƙarfin tsunkule yana raguwa, wannan na likita ne, ba na shagon keke ba.

Sabon_Mahayi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Oga Mai_Sifana, na cire ta hagun yadda ka ce, ta fito da ƙyar, kuma na ga ɓarɓashin alminiyam kamar zare a jikin aksil ɗin. Layuka biyu ko uku na bakin ramin sun lalace, na ciki kamar suna nan. Kurankin ya mutu ke nan? Malama, hancin sirdin kam a duƙe yake, na gyara. Wani kuma ya ce in sa robar hannun babur, ta fi arha kuma ta fi ƙarko. Za ta yi?

Mai_Sifana ya rubuta:

Bai mutu ba tukuna. Kurankin da aka saba gani yana da layukan tiredi wajen goma a ramin, in uku na baki ne kawai suka tafi, sauran za su riƙe. Wanke ramin da burushi, ɗauki fedar hagu mai lafiyayyen tiredi, shafa giris, ka shigar da ita ta BAYAN kurankin, ta ɓangaren da ke kallon bodi. Can tiredin lafiya yake, zai ja aksil ɗin ya miƙe, in ya fito ta gaba sai ya gyara layukan da suka kwanta. Shiga rabin zagaye, koma baya kwata, a haka har ta ratsa. Fito da ita, share ɓarɓashin, sannan ka gwada ta gaba da yatsu. Mai gyaran da ke da abin yanka tiredi na 9/16 na hagu zai yi maka wannan cikin minti biyar, amma ka tabbata na hagun ne, na dama zai gama kashe ramin.

Bayan ka ɗaura, tsaya a gaban keken ka kalli fedar. Aksil ya fito a miƙe, kafaɗarsa ta kwanta a jikin kuranki ko'ina, ba tazara ta gefe ɗaya. In a karkace take, ko ka ji tana ta juyawa ba ta cijewa, to tiredin ya tafi. Hanya biyu ta rage. Ko a buɗa ramin a sa masa bututun ƙarfe mai sabon tiredi, wanda in an yi shi daidai ya fi na asali ƙarfi, sai dai ba kowane shago ke da kayan ba. Ko ka sayi kurankin hagu shi kaɗai, wanda sau da yawa ya fi sauƙi. Duba cikin tsohon, za ka ga 170 ko 175, tsawonsa ke nan a milimita, sabon ya zama daidai da na dama. Ramin gindinsa ma ya zama iri ɗaya, murabba'i ko mai haƙora, kuma masu murabba'in akwai wanda raminsa a kwance yake, akwai wanda yake tsaye a kan kusurwa. In ka ɗauko wanda bai dace ba, kurankin biyu ba za su yi layi ɗaya ba. Cirewar da abin zaro kuranki ake yi.

Kada kowa ya ce zai yi maka walda ko ya cika ramin da gam. Fedar da ta fita lokacin da kake tsaye a kanta a gangara, ƙashi take karyawa.

Malamar_Gyara ta rubuta:

Robar babur rabi za ta yi. Yawancin ƙananan baburan da ke kan titi kansu mm 22.2 ne, don haka ta hagu za ta shiga daram. Ta daman a kan bututun totur take zama, raminta ya fi faɗi da kamar mm 2 zuwa 3, a kan keke za ta yi ta lilo. Sai dai ka sayi saiti biyu ka ɗauki na hagun, kuma a nan arahar ta tafi. Sannan tana da babban kunne da sai ka yanke, robarta kuma ta fi tauri, ga wanda yatsunsa ke mutuwa wannan koma baya ne.

In dole ce ta sa, ɗaure ta da siririyar wayar ƙarfe marar tsatsa a wuri biyu ko uku, zagaye biyu kowanne, ka murɗa ta ƙasa inda tafi ba ya taɓawa, ka yanke, ka lanƙwasa bakin wayar ya nutse cikin robar. Tunda ka taɓa sirdi, yi hawa biyu ko uku a haka kafin ka taɓa hannun birki, don ka san wanne ne ya yi aikin.